Pasto Hsi na Ƙasar Sin, Mai-Nasara Bisa Aljanu

A wannan wata labarin da mu ka kawo wa 'yan'uwa na wani mutumin ƙasar Sin ne wanda ya rasu tun 1896. Sunansa Hsi, ana kuwa faɗinsa kusan yadda mu ke cewa shi da Hausa. Ƙasarsa tana da nisa ƙwarai da Sakkwato. Amma sarƙar da ta ɗaure shi shekara 10 ita ce ta ke ɗaure da samari da yawa yau a nan Arkilla da sauran unguwannin birni, suna kaɗai ta sāke. Domin wannan mu ka ga ya kamata masu-bi su ji yadda Ubangiji ya kwance shi, da abin da ya yi da sauran kwanakinsa bayan an kwance shi.

An haifi Hsi wajen 1835, watau a ƙarshen zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a wani ƙauye kusa da birnin Pingyang, wanda a ke ce da shi Linfen yanzu, cikin lardin Shansi a arewacin Sin. Gidansu gidan malamai ne da masu sanin magani, suna kuwa da gonaki. A Sin ta wancan zamani, wanda ya ke son daraja sai ya haddace littattafan Konfushiyas, babban malaminsu na dā, sa'an nan ya shiga jarrabawar sarki. Hsi ya ci jarrabawa ta fari tun yana saurayi. Wannan ya sa shi cikin sahun malamai, har alƙali ba shi da ikon sa a yi masa bulala kamar sauran talakawa. Yana da kaifin hankali, da kaifin harshe kuma. Ya zama mai tsaya wa mutane a shari'a, mutanen ƙauye su ka riƙa jin tsoronsa gama yana da zafin rai, ba a ja da shi a kwana lafiya.

Duk da haka tun yana yaro tsoron mutuwa ya ke damunsa. Ya nemi amsa cikin littattafan Konfushiyas, bai samu ba. Ya gwada addinin Buda, ya gwada na masu bin Tao, har ya shiga wata ƙungiya ta masu neman asirin tsawon rai. Da ya kai wajen shekara 30 sai lafiyarsa ta lalace. Abokansa su ka ba shi shawara ya ɗan zuƙi ofiyom ya ji sauƙi, in ya warke sai ya bari.

Bari mu tsaya kaɗan mu bayyana ko mene ne ofiyom. Akwai wani tsiro mai kyakkyawan fure. In furen ya kaɗe ya bar ƙwanso, sai a tsattsaga ƙwanson da wuƙa, wani farin ruwa ya fito kamar na tumfafiya, ya bushe ya yi baƙi. Shi a ke dafawa, a sa a lofe a zuƙi hayaƙinsa. Yana kashe ciwo, yana kawo barci mai daɗi, amma jiki ya kan saba da shi da sauri, abin da ya ishi mutum bara ba ya isarsa bana. 'Yan kasuwar Ingila ne su ka riƙa ɗauko shi daga Indiya suna kai wa Sin. Da sarkin Sin ya hana, Ingila ta yaƙe shi daga 1839 zuwa 1842, ta kuma sāke yaƙarsa daga 1856 zuwa 1860. Bayan wannan manoman Shansi su ma su ka shiga nomansa a gonakin da dā a ke shuka alkama. Ba mu ɓoye wannan ba, gama abin kunya ne ga ƙasar da a ke kira ta Kirista, kuma shi ya sa malaman Sin su ka ƙi jinin bishara: jirgin da ya kawo mai-bishara irinsa ne ya kawo ofiyom. Mu ma a nan an yi kuka irin wannan. A cikin shekarun 1880 Sarkin Nufe Maliki ya aika wa Bishop Ajayi Crowther takarda yana roƙonsa ya yi magana da Sarauniyar Ingila a hana kawo barasa ƙasarsa.

Daga cikin ofiyom ɗin nan a ke fitar da kodin da a ke sawa a maganin tari, wanda kwalabensa su ka cika kwatocin unguwanninmu kafin gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Ƙwayar taramol kuwa, ko da ya ke haɗa ta a ke yi a masana'anta, aikinsu ɗaya ne cikin jiki. Wani ƙidayar da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda a ka fitar a 2019, ya nuna mutum wajen miliyan 4 da dubu 600 a Nijeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba da umurnin likita ba cikin shekara guda. Da yawansu sun soma kamar yadda Hsi ya soma, don ciwon baya, ko don ƙarfin aikin lebura, ko don a sami barci.

Hsi bai warke ba, bai kuwa iya bari ba. Karatu ya tsaya, gona ta lalace, dukiya ta yi ta zurarewa, ya rame ya zama kamar kara. Har ya yi fiye da shekara guda kwance bai iya tashi ba. Sa'an nan babbar yunwa ta auko wa arewacin Sin daga 1876 zuwa 1879. Ana lissafta waɗanda su ka mutu tsakanin miliyan 9 da miliyan 13, Shansi kuwa ita ta fi shan wuya. Hsi ya tsira da kyar, yana kuwa nan da lofensa.

Yunwar nan ita ta kawo wani mai-bishara Bature na Ekklesiyar Methodist, David Hill, zuwa Pingyang domin rabon taimako. Hill ya ga malamai ba za su zo su ji wa'azi ba ko kaɗan. Sai shi da abokinsa Timothy Richard su ka yi dabara. A 1879, sa'ad da ɗalibai su ka taru a Taiyuan, babban birnin lardin, domin jarrabawa, a ka rarraba musu littattafai tare da sanarwa cewa akwai kyautar kuɗi ga wanda ya fi iya rubutu a kan waɗansu batutuwa, kamar addu'a, da gumaka, da ofiyom. Hsi yana ƙin Turawa, amma yana son kuɗi, gama talauci ya kama shi. Ya karanta littattafan, ya rubuta takardu 4 da sunaye dabam dabam. Uku daga ciki su ka ci kyauta.

Sai ya zama dole ya tafi da kansa ya karɓa. Ya tafi da tsoro, gama ana cewa Turawa suna sa sammu cikin shayi. Da ya ga fuskar Hill hankalinsa ya kwanta. Ba a daɗe ba Hill ya roƙe shi ya zo ya zauna a gidansa ya zama malaminsa, ya taimake shi da rubutun Sinanci. Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Hill ya ga mashayi ramamme, ya kuwa san mashayi ne, amma aiki ya ba shi, aikin da ya dace da darajarsa. A ɗakin da a ka sauke shi akwai Sabon Alkawari. Ya soma karantawa domin aiki, daga baya ya kasa ajiyewa. Wata rana yana karanta labarin Ubangijinmu cikin gonar Jatsaimani, sai ya sami kansa a durƙushe a ƙasa da littafin a gabansa, yana kuka. Daga ran nan ya ba da gaskiya.

Nan da nan ya sani lofe da Almasihu ba za su zauna ɗaki ɗaya ba. Ya bari. Hill ya ba shi maganin da ke gare shi, bai yi wani amfani ba. Wanda ya taɓa zama kusa da mai barin irin wannan abu ya san yadda ta ke: hawaye da majina suna zuba, hamma ba iyaka, sanyi da zafi suna karɓa-karɓa, ƙasusuwa kamar ana sassaƙa su, ciki ya ƙi abinci, ido ya ƙi barci. Hsi ya yi kwana 7 cikin wannan hali, ofiyom kuwa yana kusa, ya san zuƙa ɗaya za ta kashe azabar duka. Ya ɗauka da Shaiɗan kansa ya ke kokawa, ya ƙudurta gara ya mutu da ya koma. Ya yi ta roƙon Ruhu Mai-tsarki ya taimake shi, har gumi ya karyo masa, azabar ta sauka. Bai sāke taɓa lofe ba har ya mutu. Ya raɗa wa kansa sabon suna, Shengmo, ma'anarsa mai-nasara bisa aljanu. Bayan 'yan watanni Hill ya koma wurin aikinsa a kudu, a ka yi wa Hsi baftisma a 1880.

Da ya koma gida ya kawar da gumaka. Ya tafi ya nemi gafarar 'yan'uwansa da su ka daɗe suna gāba, ya komo da matar ubansa wadda ya kora dā. Ya daina shuka ofiyom a gonarsa ko da ya ke shi ne ya fi kawo kuɗi. Matarsa ta yi gardama da fari, daga baya ita ma ta ba da gaskiya. Mutanen ƙauye su ka ga canji har su ka roƙe shi ya zama dagacinsu. Ya yarda, bisa sharaɗin ba zai yi wa gunkin gari hadaya ba.

In da labarin ya ƙare nan, da mun ce shaida ce mai daɗi irin wadda mu kan ji a taron farkawa. Amma babban aikin yana gaba. Wani mai-bi sunansa Fan ya buɗe gidansa a wani ƙauye domin masu son barin ofiyom, yana ba su maganin da a ke samu daga wurin Turawan mishan, Hsi kuwa yana zuwa yana taimakonsa da koyarwa. Ana nan sai maganin ya ƙare, ga mutane a tsakiyar jinya, hanya kuwa mai nisa ce. Hsi ya yi azumi da addu'a, ya koma ga sanin magani na gidan ubansa, ya haɗa ƙwaya tasa ta kayan da a ke samu a kasuwannin ƙasar. A ka gwada, mutanen su ka ƙarasa jinyarsu. Daga nan gidajen mafaka su ka soma yaɗuwa gari gari.

Ga yadda a ke tafiyar da su. Mai son bari ya kan bar gidansa da abokan shansa ya zo ya zauna makonni kaɗan. Ya kan biya kuɗin magani da na abinci, domin wannan aikin bai dogara ga kuɗin Turai ba. Ana ba shi ƙwaya ana ragewa kaɗan kaɗan. Safe da yamma kowa ya kan zo sujada, wanda bai yarda da wannan ba, ba a karɓarsa. Hsi ya tsara waƙoƙi masu sauƙi da muryoyin ƙasar, domin mutumin da ciwo ya hana shi karatu ya iya rerawa. Masu lura da gidajen kuwa yawancinsu tsofaffin mashaya ne waɗanda su ma a irin ɗakunan nan a ka yi jinyarsu. A ganinmu nan ƙarfin aikin ya ke. Mutum yana birgima da tsakad dare yana cewa zai mutu, wanda ke riƙe da shi ya taɓa yin wannan birgima, ya san ba za ya mutu ba, ya kuma san dukan ƙaryar da mashayi ya kan yi don a buɗe masa ƙofa. Shi mai lura ɗin ma aikin yana tsare shi, gama wanda ke riƙe da hannun wani kowane dare ba shi da zarafin komawa wurin tsofaffin abokai.

Game da ƙwayar, kada mu ɗora mata abin da ba nata ba. Magungunan barin ofiyom da a ke kawowa daga Turai a zamanin nan, da yawansu akwai mofin a ciki, wanda shi ma ɗan ofiyom ne, har waɗansu su ka bar lofe su ka kama ƙwaya. Hsi kansa ya riƙa koya wa ma'aikatansa kada su sa zuciya ga magani kaɗai. Likitocin yau sun tabbatar azabar jiki ta kan yi tsanani kwana 2 ko 3 na fari, ta sauka cikin mako guda ko kwana 10, amma sha'awar ta kan daɗe watanni har shekaru. Sun kuma gargaɗe mu da abu biyu. Wanda ya bari ya daɗe, in ya koma ya sha gwargwadon yadda ya saba dā, yana iya mutuwa nan take, gama jikinsa ya manta. Wanda kuwa ya daɗe yana shan giya mai yawa, bari gaba ɗaya ba tare da likita ba yana iya jawo masa farfaɗiya har da mutuwa. Mu a nan muna da asibitin gwamnatin tarayya a Kware, arewa da birni, inda likitocin irin wannan ciwo su ke. Kai ɗan'uwa can ba rashin bangaskiya ba ne. Hsi ma da ya yi azumi, turmin magani ya nufa.

Akwai wani birni, Hwochow, wanda Hsi ya daɗe yana addu'a dominsa kowace safiya, amma ba kuɗin buɗe gida. Wata rana bayan sujada matarsa ta kawo masa ƙunshi. Da ya kwance sai ga mundayenta da zobbanta da kayan adon kanta, dukan abin da macen Sin ta ke taƙama da shi. Da su a ka buɗe gidan mafaka na Hwochow. Daga baya ita da kanta ta buɗe na mata a birnin Hungtung, gama mata ma suna sha a ɓoye cikin ɗakunansu, ba kuwa mai zuwa wurinsu. Ƙidayar nan ta 2019 ta ce cikin kowane mashaya ƙwaya 4 a ƙasarmu ɗaya mace ce. Muna fata zumuntar mata za su yi tunani a kan wannan.

A 1886 Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan mai suna China Inland Mission, ya zo Shansi ya ɗibiya wa Hsi hannu ya zama pasto mai lura da ekklesiyoyin yankin. A watan Afrilu na 1887 a ka yi wa mutum fiye da 200 baftisma a Hungtung, yawancinsu ta ƙofar gidajen mafaka su ka shigo. Murna ta yi yawa, amma ba ta daɗe ba. Waɗansu da dama cikinsu su ka koma ga lofe, waɗansu kuwa ga shuka ofiyom domin talauci. A cikin shekaran nan kuma Fan, abokin aikinsa na fari, ya tayar masa. Ya zarge shi da cin ribar magani da son girma, ya tara mutane, har ya zaro masa takobi, sai da a ka riƙe shi. Ya ƙwace waɗansu gidajen ya soma sayar da ƙwaya tasa. Hsi, wanda dā ba a kai shi ƙara a ci nasara, bai kai ƙara ba. Gidajen Fan ba su yi ƙarko ba, mutane da yawa da su ka bi shi su ka komo, Hsi kuwa ya karɓe su.

Kada a ce Hsi ba shi da laifi cikin wannan. Zafin ransa bai mutu ran da ya bar lofe ba. Yana son a yi abu yadda ya ce, kuɗin aikin duka a hannunsa su ke, waɗansu Turawan mishan ma sun yi gunaguni da shi ƙwarai. Allah ya ba shi aboki, Dixon Hoste, wanda dā hafsa ne cikin sojan Ingila. Hoste ya ga Hsi ne Ubangiji ya ba jagorar aikin, sai ya zaɓa ya zauna ƙarƙashinsa, yana sa tufafin Sin, yana cin abincinsu, yana faɗa masa gaskiya a keɓe. Sun yi wajen shekara 10 tare, masu saninsa kuwa sun shaida Hsi ya yi taushi ƙwarai a ƙarshen kwanakinsa. Hoste ɗin nan shi ya gāji Hudson Taylor a shugabancin mishan a 1902.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne yadda ya yi da masu faɗuwa. Ekklesiyarsa tana da horo, wanda ya koma ga ofiyom a kan hana shi Jibin Ubangiji. Amma ƙofar gidan mafaka tana nan a buɗe, mutum ya iya komowa ya sāke jinya daga fari. Mu fa? Mun iya sanar da horo ran Lahadi, mun iya nuna wa ɗan'uwa bencin baya. Daga Litinin zuwa Asabar wa ke zuwa ɗakinsa? Saurayin da a ka sallamo daga Kware ya kan komo unguwa ya tarar ba aiki, gida ana ɓoye kuɗi in ya shigo, a majami'a ana matsawa in ya zauna. Waɗanda ke marabtarsa da fara'a su ne abokan shansa na dā. Wannan masifa kuwa ba ta tambayi addinin gida ba, tana gidajenmu, tana gidajen maƙwabtanmu Musulmi, uwaye duka hawaye iri ɗaya su ke yi. Cikin ekklesiyoyinmu akwai dattawan da Ubangiji ya raba su da burkutu shekaru da yawa, sun yi shiru da labarin domin kunya. Irinsu ne Hsi ya ke nema ya ba su mabuɗin gida.

Kafin ƙarshen ransa gidajen mafaka sun kai wajen 45 cikin larduna 4. Gidansa na ƙauye ya zama kamar makaranta, cike da mutanen da su ka bari amma ba su yi ƙarfin komawa garuruwansu ba tukuna. Suna noma, suna daka magani, suna koyon Littafi Mai-tsarki, daga cikinsu kuwa a ke zaɓen masu lura da sababbin gidaje. Shi kansa kullum yana kan hanya, daga wannan gida zuwa wancan, yana sulhunta ma'aikata, yana yawan azumi. Jikin da ofiyom ya riga ya ci bai iya ɗaukar wannan har abada ba. Ya kwanta ciwo wajen wata 6, ya rasu ran 19 ga Fabrairu 1896, yana da shekara wajen 60. David Hill ya bi shi bayan wata 2, zazzaɓi ya kashe shi a birnin Hankow.

Ma'aikatansa su ka ci gaba da gidajen, matarsa kuma ta ci gaba da aikin mata. A 1906 sarkin Sin ya ba da doka a kawar da ofiyom cikin shekara 10, a 1913 kuwa a ka daina kai na Indiya. Hwochow, birnin da a ka buɗe da mundaye, nan ne daga baya waɗansu mata biyu na mishan, Evangeline French da Mildred Cable, su ka zauna shekaru da yawa, su ka riƙe babbar makarantar 'yan mata da ta koyar da mata Littafi Mai-tsarki.